Allon Ƙofar Shago da Daftarin Hukuma: Inda Sawun Kakanninmu Yake Kwance



Duk wanda ya ratsa kasuwannin Sudan da yamma, daga Gadarif har Bur Sudan, zai ga wata kalma da ake rubutawa da fenti a kan allunan masu gashin nama, wato agashe. Haruffan na Larabci ne, mai fentin ma wataƙila bai iya gaisuwa da Hausa ba, amma kalmar tamu ce, daga gashi ta fito. Kakanninmu ne suka zo da tsire da garin ƙuli-ƙuli da yaji, har abin ya zama cimar ƙasa baki ɗaya. Kullum muna wucewa ta ƙarƙashin irin waɗannan alluna ba mu ɗaga kai ba. Yau muna so mu ɗaga kai, mu kuma leƙa bayan allon, domin kowane allo da aka kafa bisa ƙa'ida yana da inuwa a ofishin hukuma: layi guda a cikin daftari, mai ɗauke da sunan mai shago, da sana'arsa, da inda yake zaune, da ranar da ya biya kuɗi. Wannan layi shi ne batunmu na yau.

Wanda ya taɓa buɗe shago ya san hanyar. Kafin mutum ya kafa allo, wanda muke kira lafita kamar yadda maƙwabtanmu Larabawa ke kiransa, sai ya je mahalliya ya yanki ruhusar kasuwanci, wato lasisi. Zai biya kuɗin ruhusa, da na kwasar shara, da na allon kansa, in kuma abinci yake sayarwa sai ya haɗa da katin lafiya. Kowane biya yana da rasit, takardar nan da kowa ya sani da urnik 15. A zamanin da ake rubuta ta da hannu, mai biya yakan tafi da ta sama, kwafinta kuma ya zauna a cikin littafin mai karɓa. Shekara na zagayowa a sabunta. Mu dai abin da muke gani a ciki shi ne ɗawainiya da fitar kuɗi, kuma ba mu yi ƙarya ba, sau da yawa kuɗin ya fi ƙarfin ƙaramin ɗan kasuwa. Sai dai akwai wani abu da mai karɓar haraji yake yi ba da niyya ba. Duk ranar da ya rubuta sunan Bahaushe a littafinsa ya buga hatimi, ya shaida cewa wannan mutum yana garin nan a wannan rana, yana sana'a, hukuma kuma ta san da shi har ta ci kuɗinsa.

Ga wasu al'ummu wannan shaida ba ta da wani nauyi, domin ba wanda ya taɓa tambayarsu yaushe suka zo. Mu kuwa tambayar ta bi mu shekara da shekaru, kuma doka ce ta fara yin ta.

A shekarar 1948, gwamnatin Turawa ta fitar da dokar da ta fayyace wane ne ɗan Sudan. Ma'aunin da ta kafa rana ce guda: 31 ga Disamba 1897. Sai wanda shi ko kakanninsa ta wajen uba suke zaune a ƙasar tun daga wannan rana za a lasafta shi ɗan ƙasa na asali. An zaɓi ranar ne gab da faɗuwar daular Mahdiyya, wadda aka karya a Karari ranar 2 ga Satumba 1898. Bayan samun 'yanci, dokar jinsiyya ta 1957 ta riƙe wannan rana ba ta taɓa ta ba.

To, mu ɗora wannan rana a kan tarihinmu mu gani. Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya fita hijira ya nufi gabas, jama'a suka bi shi daga birane da ƙauyuka, aka tare shi a Burmi, ya yi shahada ranar 27 ga Yuli 1903. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a, suka ratsa Barno da Wadai da Darfur da Kurdufan, har suka sauka bakin Nil Azraƙ kusa da Sinnar a 1906, a garin da yake amsa sunansa har yau. Ke nan ayarin hijira mafi girma a tarihinmu ya makara da shekara tara kacal. Dattijon da aka haifa a garin Mai Wurno, ya yi karatun allo a can, ya yi aure, ya binne iyayensa a can, a idon dokar 1957 baƙo ne, sai in ya nemi a ba shi jinsiyya ta roƙo, wadda darajarta ba ta kai ta haihuwa ba.

Sai a shekarun 1970 aka matsar da ranar zuwa 1 ga Janairu 1924, sannan dokar 1994 ta kawo ta 1 ga Janairu 1956, ranar 'yancin kai. Sau uku ana kafa turke, kuma a kowane karo tambayar guda ce: kawo hujjar cewa kai ko mahaifinka kuna nan kafin wannan rana. Hujjar da aka saba karɓa ita ce shaidun dangin uba da takardar shehin unguwa ko umda ko nazir. Wanda yake da nazir na ƙabilarsa, hatimi ɗaya ya ishe shi. Wanda yake zaune a ƙarƙashin sarautar wasu, yana jiran alherin mai hatimi ne. Iyayenmu da yawa sun sha zaman benci a ofisoshin jinsiyya, ana maimaita musu tambaya a kan sunan kakan kaka, alhali a aljihunsu ko a akwatin gida akwai rasit ɗin harajin da suka biya wa wannan ƙasa tun kafin a haifi mai tambayar.

Abin da ya ƙara wa lamarin ɗaci shi ne, sawun mutanen yamma a wannan yanki ya girmi 1897 nesa ba kusa ba. A 1814 matafiyi Burkhardt, ɗan ƙasar Suwizalan, ya bi ayari daga Shandi ta ƙasar Taka zuwa Sawakin, ya kuma rubuta labarin alhazan Takarir da ya yi tafiya tare da su. Takarir suna ne da ake yi wa duk masu zuwa daga yamma, tun daga Darfur har ƙasar Hausa da bayanta. A daminar 1861 Bature Samuel Baker ya yada zango a Sufi, a bakin Atbara, ba nisa da inda muke zaune, kuma a 1862 ya shiga Gallabat ya tarar da ita gari ne na Takarir, da shehunsu da kasuwarsu da gonakin audugarsu. Ba za mu ce duk waɗannan Hausawa ne ba, domin ba haka abin yake ba. Amma hanyar da suka bi ita ce hanyar hajjin da kakanninmu suka bi, wasu suka ƙetare Bahar Maliya, wasu guzuri ya ƙare musu suka tsaya noma, wasu suka dawo daga Makka suka ga ƙasa mai albarka suka kafa bukka.

Zamanin Turawa ya ƙara yawanmu, kuma da saninsu. Suna neman hannuwan aiki. An gama madatsar Sinnar a 1925, gonakin auduga na Jazira da na Gash suka buɗe, jirgin ƙasa ya taso daga Kasala ya iso Gadarif a 1928, ya haɗe da Sinnar a 1929. A tsakiyar shekarun 1940 aka fara noman inji a Gadambaliya, yamma da Gadarif, wanda ya mayar da wannan yanki rumbun dawa da riɗi na Sudan. Inji yana huɗa yana shuka, amma cirar ciyawa da yankan riɗi da girbin dawa sai da hannu. A bakin Atbara da Sitit kuwa namu suka riƙe su da kwale-kwale da noman gaɓa, wanda ake kira juruf, inda ake shuka albasa da kuɓewa da tumatir bayan ruwa ya janye. Da aka yi ƙidayar farko a 1955 zuwa 1956, cikin mutum miliyan goma da 'yan kai an lasafta fiye da rabin miliyan a matsayin 'yan asalin Afirka ta Yamma. Ƙasa ta ƙirga mu a littafin ƙidaya, ta ƙirga mu a littafin haraji, amma a littafin jinsiyya ta ce mu dakata.

Yanzu sai mu koma ga daftarin kansa, mu ga ina ya samo asali kuma ina yake kwance. Turawa sun fara da mufattish, wato jami'in gunduma, wanda komai yake hannunsa, daga shari'a har kuɗin kasuwa. A 1937 aka yi dokokin ƙananan hukumomi na birane da garuruwa da karkara. A 1949 aka gayyato Dakta Marshall, ma'ajin birnin Koventri na Ingila, ya zagaya ƙasar ya rubuta rahoto, kuma a kan rahotonsa aka gina dokar 1951 wadda ta kafa majalisun da ke da kasafin kansu da ikon yankan ruhusa da karɓar kuɗin kasuwa. A 1971, zamanin Numairi, aka rushe wannan tsari tare da sarautun gargajiya, aka kawo majalisun jama'a. Har zuwa 1994 Gadarif tana ƙarƙashin Kasala ne, a wannan shekarar ta zama wilaya mai cin gashin kanta, yau kuma Shuwak ita ce hedikwatar mahalliyar Fashaga.

Wannan jerin shekaru yana da amfani ga mai neman takarda. Duk lokacin da aka sake tsari, ana raba ofisoshi, ana kwasar fayil daga ɗaki zuwa ɗaki, daga gari zuwa gari. Takardar shagon da aka buɗe a Shuwak shekaru sittin da suka wuce tana iya kasancewa a nan, tana iya kasancewa a Gadarif, ko a Kasala inda mudiriyya take a lokacin, ko kuma a Khartum. Can ne Darul Wasa'iƙ take, gidan ajiyar takardun ƙasa, wanda masanin tarihi Holt ya fara tsarawa gab da 'yanci, sannan marigayi Farfesa Muhammad Ibrahim Abu Salim ya riƙe shi kimanin shekara arba'in tun daga 1955. Dokar 1965 ta ba gidan matsayin doka, ta 1982 kuma ta ɗaga shi ya zama na ƙasa baki ɗaya. A wajen Sudan akwai taskar Jami'ar Durham a Ingila, wadda Richard Hill ya assasa a 1957, inda jami'an mulkin mallaka suka ajiye wasiƙunsu da hotunansu da rahotanninsu. A Kaduna kuma gidan ajiyar takardun Najeriya yana riƙe da fayilolin lardunan Arewa, har da na tafiyar alhazai ta ƙasa. Labarinmu a warwatse yake tsakanin waɗannan ɗakuna, kuma mafi yawanmu ba mu taɓa taka ko ɗaya ba.

Dole mu faɗa wa kanmu gaskiya, ba hukuma kaɗai ce ta sa sawunmu ya yi ƙaranci a takarda ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kakanninmu sun gudo daga mulkin Nasara ne, sai suka tarar da shi a gabansu, saboda haka suka ɗauki takardarsa da makarantarsa abin ƙi. Da yawa kuma sun rayu suna cewa a kan hanya suke, gobe ko jibi za su ƙarasa Makka, har jikoki suka gaji wannan magana. Masanin nan Bawa Yamba ya yi littafi guda a 1995 a kan wannan hali na al'ummominmu a Jazira. Mutumin da yake ganin kansa matafiyi bai damu ya yi rajistar fili ba, bai damu ya kafa allo da sunansa ba. Ga kuma tsoro: wanda ba shi da jinsiyya yana gudun duk ƙofar da za a tambaye shi ita, don haka wasu suka yanki ruhusa da sunan aboki ko maƙwabci, shagon nasu ne, sunan na wani. Sannan sana'o'inmu da yawa ba su da ƙofa balle allo. Masunci, da wanzami, da mai ga-ruwa, da tela a ƙarƙashin baranda, da uwayenmu masu sayar da gyaɗa da godogodo, ba su shiga daftari ba sai jefi-jefi. Saboda haka 'yan takardun da suka rage suna da tsada ƙwarai. Da tsohuwar zuma ake magani.

Wani zai ce ai maganar jinsiyya ta wuce, kusan kowa yanzu yana da raƙam waɗani tun bayan dokar rajistar jama'a ta 2011. Gaskiya ne an samu sauƙi. Amma mun ga yadda tsohuwar tambaya take sake tasowa da sabuwar riga. A watan Oktoba na 2008 wata jarida a Khartum ta danganta wa shugaban ƙasa na lokacin, Umar al-Bashir, maganar da ke cire Hausawa daga 'yan ƙasa. An musanta maganar, amma kafin ƙura ta lafa jama'a sun fito a Gadarif da wasu garuruwa, an kuma rasa rayuka. A watan Yuli na 2022 rikici ya ɓarke a wilayar Nil Azraƙ bayan neman sarautar gargajiya ga Hausawa, aka kashe fiye da mutum ɗari, a watan Oktoba kuma ya sake tashi a Wad al-Mahi da asarar da ta fi ta farko. Tushen gardamar shi ne wa ya riga wa, wa ke da ƙasa, wa ke baƙo. A cikin fushin waɗannan kwanaki an ƙona wasu ofisoshin gwamnati da shaguna a Kasala. Muna fahimtar zafin zuciyar wanda aka kashe wa ɗan uwa, amma ya kamata samarinmu su sani cewa in ofishin hukuma ya ci wuta, har da sunayen kakanninsu a cikin tokar.

Mu mutanen wannan yanki mun ga darajar takarda da idonmu. Da aka gina madatsun Rumaila da Burdana a kan Atbara da Sitit, waɗanda aka ƙaddamar a 2017, ruwa ya shanye ƙauyuka da gonakin gaɓa, aka tashi dubban iyalai, har da garin Wad al-Hilaiw, aka kai su sababbin matsugunai. Diyya ta bi ƙidayar da kwamitoci suka yi ne, wanda sunansa ya shiga littafi shi aka sani. Gidan da ruwa ya rufe ba a iya nuna shi da yatsa, sai dai a nuna takardarsa. Haka nan garinmu ya daɗe yana karɓar ofisoshin kula da 'yan gudun hijira daga Eritiriya da Habasha, mun ga yadda kati guda yake raba mai samun abinci da marar samu. Ita kanta gwamnati, da za ta kare haƙƙinta a kan ƙasar Fashaga, abin da take ɗagawa shi ne yarjejeniyar 15 ga Mayu 1902 tsakanin Ingila da Sarki Menelik, da alamomin iyaka da Manjo Gwynn ya kakkafa a 1903, shekarar Burmi. In ƙasa mai soja da tuta tana dogara da tsohuwar takarda da tarin duwatsu, ina ga talaka?

Ga shi kuma takarda ba ta jira. Gara tana ci, damina tana jiƙawa, ɓera yana sheƙa, kuma ba kowane littafi hukuma take ajiyewa har abada ba. Tun 2015 da aka mayar da urnik 15 na na'ura, tsofaffin littattafan hannu suka zama kayan da ke cin wuri. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya nuna mana ƙarshen abin. An ƙona ɗakin karatu na Cibiyar Muhammad Umar Bashir a Jami'ar Ahliyya ta Umdurman, an wawashe gidajen tarihi, Wad Madani ta faɗi a Disamba 2023, Sinja ta bi ta a tsakiyar 2024, 'yan uwanmu na Jazira da Sinnar suka iso mana da abin da hannu zai iya ɗauka. Ku tambaye su abin da suka fi nadamar bari, za ku ji da yawa sun ambaci takardu. Allah Ya kiyaye Gadarif, daftarorinta suna nan, kuma wannan dama ce da ba mu da tabbacin za ta dawwama.

To, yaya ake nema? Tun 2015 Sudan tana da dokar haƙƙin samun bayanai, wadda ta ba ɗan ƙasa ikon ya nemi bayani a rubuce daga hukumomin gwamnati. Dokar ta keɓe abubuwa da dama, irin su sirrin tsaro da sirrin mutane, kuma aiki da ita bai yi ƙarfi ba, har ma'aikata da yawa ba su saba ganin mai irin wannan buƙata ba. Saboda haka hikima ta fi gardama amfani. Abu na farko, a fara daga gida. A buɗe akwatin ƙarfen tsoho, a duba cikin gafaka da tsakanin shafukan littattafai, a fito da kowane rasit da tsohuwar ruhusa da takardar haya da hoton ƙofar shago. Lambar da ke jikin rasit guda da shekararsa sun fi dogon bayani amfani ga ma'aikacin da zai shiga ɗakin ajiya.

Na biyu, magaji shi ya fi kowa ƙarfin hujja. Wanda ya je neman fayil ɗin mahaifinsa, riƙe da raƙam waɗaninsa da takardar gado ta kotun shari'a, ba wanda zai ce masa yana tonon sirrin wani. Ya rubuta buƙatarsa zuwa ga mudir tanfizi na mahalliya, ko ya sa mai rubuta ardahal ya tsara masa, ya ambaci sunan mamacin har kaka kamar yadda ake rubuta shi da Larabci, da sana'arsa, da kasuwar, da shekarun da yake zato. A tuna cewa magatakardan da suka gabata suna rubuta sunayenmu yadda kunnensu ya ji, Garba ya koma Abubakar, Audu ya koma Abdullahi, wani kuma an liƙa masa Fallati ko Takruri a ƙarshen suna, don haka a ba da duk siffofin. A nemi kwafi mai hatimi, a biya kuɗin da doka ta yanka, a karɓi rasit, a riƙe kwafin buƙatar da ranar da aka miƙa ta. In aka ce babu, a tambaya cikin ladabi ina aka kai littattafan waɗannan shekaru. Matambayi ba ya ɓata.

Na uku, abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya sai jama'a. Daftarin kasuwa gaba ɗaya, wanda zai nuna su wa ke da shaguna a Shuwak a wata shekara, buƙata ce da ta fi dacewa ta fito daga ƙungiya ko ɗaliban Jami'ar Gadarif da malamansu, da wasiƙar bincike a hannu. Muna da 'ya'ya masu digiri a tarihi da shari'a, muna da wayoyi masu ɗaukar hoto a kowane gida. Farfesa Al-Amin Abu Manga ya nuna mana hanya ta fuskar harshe, da littafinsa na 1999 a kan yadda Hausar Sudan ta cuɗanya da Larabci. Abin da ya yi wa kalmominmu, akwai buƙatar wasu su yi wa takardunmu. A ɗauki hoton kowace takarda gaba da baya, a rubuta sunan gidan da ta fito, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, asalin kuma a mayar wa masu shi. A zauna da tsofaffi tun suna raye a karanta musu sunayen, domin su ne za su ce wannan shagon da aka rubuta da sunan wane, na wane ne a gaskiya, kuma su ne za su cike gurbin masunta da mata da daftari ya tsallake.

Kada kuma mu ɗora wa takardar nan abin da ba za ta iya ɗauka ba. Ruhusar shago ba ta mallaka wa kowa ƙasa, ba ta naɗa sarki, ba ta soke haƙƙin Dabaina da Shukriyya da Lahawiyyin da sauran waɗanda muke zaune tare da su, muna auratayya muna jana'iza tare. Wanda ya buɗe daftarin kasuwa zai tarar da sunan Bahaushe a layi ɗaya, na Baja'ale a na biyu, na Bahabashe ko ɗan Bani Amir a na uku, duk hatimi ɗaya, duk kuɗi ɗaya. Wannan shi ne mafi girman abin da littafin zai koya wa jikokinmu da jikokinsu, cewa kasuwar nan tare aka gina ta. In mun nemo shi don mu tsokane idon maƙwabci, mun ɓata shi. In mun nemo shi don ranar da wani zai sake tambayar yaronmu yaushe kuka zo, ya amsa da shekara da lamba cikin natsuwa ba da ihu ba, to mun yi wa zuriya gata.

Addininmu ma bai bar mu da uzuri ba. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Kakanninmu da suka rubuta tarihin Sakkwato da wasiƙun sarakuna da waƙoƙin ajami ba baƙin alƙalami ba ne. Abin da ya raba su da takardar hukuma dalili ne na zamaninsu, kuma wannan zamani ya wuce.

Muna roƙon duk wanda ya karanta wannan, a cikin makon nan ya tambayi babba a gidansu ina tsofaffin takardu suke. Wanda yake da shago ya ɗauki hoton allonsa da ruhusarsa ta bana ya adana, domin abin da yake rasit a yau shi ne tarihi bayan shekara hamsin. Wanda ya samu tsohuwar ruhusa ko hoton kasuwa, ya sanar da mu shekararta da garin da aka yanke ta, amma ya rufe lambobin sirri kafin ya nuna wa jama'a, kuma ya nemi yardar 'yan gidan.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka taka ƙasa daga Sakkwato da Kano da Katsina da Haɗeja har suka kawo mu nan. Allah Ya kashe wutar yaƙi a Sudan, Ya mayar da kowa gidansa lafiya, Ya zaunar da mu da maƙwabtanmu cikin aminci. Amin.